Ƙofar da Mahaifiyata Ta Jingina da Ita

Shekarun baya, da damina, na ɗauko mahaifiyata a motata daga gidan suna a Tarai za mu koma Rano. Tana baya ta jingina da ƙofar hagu, abokina yana gaba kusa da ni. Shi ma'aikacin kiyaye haɗurra ne, mutum mai shegen bincike, ko shayi ka ba shi sai ya leƙa ƙasan kofin.

Mun ɗan wuce Kibiya motar ta kwashe a santsi, ta juya, ta maka gefenta na hagu a jikin wata ɗorawa. Muka fito kowa da ƙafarsa. Na zagaya gaba na duba, ko fitila ba ta fashe ba. Manoman da suka taru suna ta cewa, "Ai abin ya zo da sauƙi, Allah ya kiyaye gaba." Ni kuwa har na fara jimamin fentina.

Na ce, "Hajiya, babu inda ke ciwo?" Ta kau da kai ta ce, "Lafiya lau, mu tafi." Ni ne ɗanta na fari. Ko sunana ba ta faɗa, balle ta yi raki a gabana.

Abokina bai ko kalli gaban motar ba. Ya sa hannu ya auna yadda ƙofar ta lotsa har ta taɓo kujera, sannan ya ja ni gefe. "Malam, a gaba akwai inji mai shanye duka. A gefe fa? Wannan 'yar ƙofar ce kawai tsakanin Hajiya da itacen. Matsa can, ba za ta faɗa kana tsaye ba."

Na matsa ina ƙunƙuni. Ya durƙusa ya ce, "Hajiya, don Allah ja numfashi sosai." Ta fara ja, ta kasa, ta dafe gefenta.

A asibiti aka ga haƙarƙari ya tsage, saifa na zubar da jini ta ciki. Likita ya ce da gida muka kai ta ta kwanta, da sai dai wani labarin. Ranar na yi kuka, ban ɓoye ba.

Tun daga nan in na ji an yi haɗari, ba na tambayar yadda mota ta lalace. Ina tambayar ta ina ta bugu, kuma wa ke zaune a wurin. Hajiya tana nan garau, alhamdu lillahi. Bara ita ta yi wa jikata wankan farko, tana ta yi mana faɗa wai mun bar ruwan ya huce.