Albasar Kawu Lawan

Duk wanda ya taɓa shiga ofishin lauyoyi na Kawu Lawan a Kura ya san kwanon albasar nan da ke tsakiyar tebur. Baƙi kan zaci miya za a yi. Ina! Kayan hukunci ne. Idan muka zauna neman mafita a kan wata shari'a, abin da shi yake kira zaman shirme, duk wanda ya ce "haka ne, ranka ya daɗe" sai ya gatsi ɗanyar albasa.

"Lauyoyi na ɗauka aiki, ba 'yan amshi ba," in ji shi. "Ƙarami ya fara kawo shirmensa, ni ne na ƙarshe. In na fara, duk bakinku mutuwa zai yi."

Ni 'yar ƙanwarsa ce, amma zumunci bai taɓa cetona daga kwanon nan ba.

Wadda ba na mantawa ita ce shari'ar Malam Idi. Gonarsa ta tumatir tana ƙarshen kanal, wato magudanar ban-ruwa, wajen Bunkure, sai wani mai shinkafa da ke sama da shi ya toshe ruwa da buhunan ƙasa. Tumatir ya fara fure, ga shi yana yaushi. In ruwa bai zo ba, noman ranin shekarar ya tafi ke nan. Mun kai hoto kotu, lauyan mai shinkafa ya ce tsohon hoto ne, ruwa na gudu lafiya lau. Aka ɗage zama.

Muka dawo muka zagaye tebur, babu wanda ya kawo abin kirki. Kawu ya gyara hula ya ce, "To ga nawa. Mu kai ƙarar ruwan, ai shi ya ƙi zuwa."

Abokin aikina Barista Nura, mai ladabi kamar sabon suruki, ya ce, "Haka ne, ranka ya da..." Ya kama bakinsa, amma ta riga ta fita.

"Zaɓi babba, Nura," Kawu ya tura masa kwano. "Kai za ka kai wa ruwa sammaci?"

Nura ya gatsa, hawaye shar. Ni kuwa raina ya gama ɓaci, don da safen na ga Malam Idi zaune a bakin ofis ya yi tagumi. Na ce, "Tunda alƙali bai yarda da hoto ba, sai mu ciccibo gonar mu kai masa kotu!"

Nura ya fara, "Ba zai yi..."

"Kul! Ba a kashe shawara tana jaririya." Kawu ya juyo gare ni. "Gona ba ta da ƙafa, Hadiza. Alƙali fa?"

Wallahi sai a lokacin muka farga. Doka ta yarda kotu ta je ta gani da idonta. Duk mun karanta, tsoron faɗin shirme ne ya sa babu wanda ya tuna.

Ranar da alƙali ya je, mai shinkafa ya riga ya sa an kwashe buhunan, ruwa na ta gudu. Amma ƙasar gonar ta tsattsage. Alƙali ya tsuguna ya zura hannu a tsagar ya ce, "Wannan ƙasa ta daɗe ba ta sha ruwa ba."

"Haka ne, ranka ya daɗe!" in ji Kawu, da ƙarfi kuwa.

Ni da Nura muka kalli juna. Kotu ta ba da umarni kada a ƙara taɓa ruwan, muka koma ofis, Nura ya zaɓo albasar da ta fi kowace girma ya miƙa wa Kawu.

"Kai, alƙali ne fa!" in ji Kawu.

"Dokar ba ta ware kowa ba, Kawu," na ce.

Ya cinye ta tas, yana hawaye yana kiranmu 'yan banza.

Ranar da ya rasu na daure ban yi kuka ba, sai da Malam Idi ya zo da manoman ƙarshen kanal, laka har gwiwa. Ya ce, "Barista, yau ce ranar ban-ruwanmu, mun bari mun zo. Ba don shi ba, da ba mu da ranar." A nan ne na kasa riƙe kaina.

Allah ya jiƙan Kawu Lawan, ya yafe masa kurakuransa. Yadda ya tsaya har gonar bawan Allah ta sha ruwa, Allah ya shayar da shi ruwan Alkausara.