Hannun Magini a Buhun Acca

Tun hantsi mai hatsi ke zaune, bayanta ya ƙage, kowa ya zo shinkafa yake tambaya. Sai ga wani dattijo ya tsaya gaban buhun acca. Siminti ya cinye masa tafin hannu, idanunsa jajur, ga takardar asibiti duk ta yamutse tana leƙowa daga aljihunsa.

Yana damƙar accar, tana zurarewa ta tsakanin yatsunsa.

"Baiwar Allah, wannan ce likita ya ce ta dace da mai ciwon suga? Wai tana riƙe ciki?"

"Ita ce, Baba. Amma sai an rege ta da kyau, akwai yashi. Ai uwargida ta sani."

Ya saki accar. "Ita ce a kwance."

Da gani, mutumin nan ya fi shekara talatin ana ajiye masa abinci, bai taɓa tauna yashi ba, bai kuma taɓa tambayar dalili ba.

Ta jawo ƙwarya da ruwa. Ya tsuguna, gwiwoyinsa na ƙara, ya naɗe hannun riga.

"To, nuna mini. A hankali dai, kan nawa ya tsufa."