Mabrushar da Na Gasa wa Mijin Yaya

Mabrusha ba abincin kakanninmu ba ce, amma a gidanmu na unguwar Ƙurban a Madina ba a Sallah sai da ita. Inna ta koyo ta a gidan wata mutuniyar Sham inda ta yi shekaru tana aikatau, ta dawo da ita gida ta mayar tata. Kwaɓin fulawa ne da samin, wato man shanu, da sukari da hel, ɗan kayan ƙamshin da ake sa wa gahawa. A shimfiɗa rabi a tire, a zuba dafaffen karaz a kai, a goga sauran kwaɓin a magogi ya rufe saman, a gasa, a yanka dogo-dogo. Karaz ɗin 'ya'yan itace ne jajaye, sun ɗan fi magarya girma, kowanne da ƙwallo a ciki mai taurin tsakuwa. Cire ƙwallayen nan aikina ne tun ina ƙarama, da fil ɗin ɗaure gashi, ɗaya bayan ɗaya, har hannuna ya rine kamar na mahauci.

Shekarar da nake ba da labari, Babbar Sallah ta faɗo tsakiyar zafi, lokacin da ɗanyen karaz ke cika kasuwa. Mu uku ne a madafa ranar Arfa, kowa da azumi a baki: ni, da Inna, da yayata wadda ta zo daga garin Yanbu inda take aure shekara shida. Mahaifinmu ya rasu tun ina firamare, a gonakin dabino na Awali ya ƙare ƙarfinsa. Saboda azumi ba mai ɗanɗana komai, Inna da ido take auna sukari, kuma ba ta taɓa kuskure ba.

Tun da Yaya ta iso na lura ba ta dariya da baki buɗe. Ita da in ta ƙyalƙyace maƙwabta sai sun ji. Yanzu sai ta kai gefen mayafi ta rufe baki kamar sabuwar amarya. Na yi ta tsokanarta, ta yi ta kauda kai. Sai da furun, murhun gashinmu, ya ɗau zafi, gumi ya isheta, ta manta ta naɗe hannun riga za ta goga kwaɓi. A damtsenta na ga shatin yatsu huɗu, sun yi baƙi sun fara komawa kore.

Na ajiye fil na kamo haɓarta. Ta fizge, na sake kamowa da ƙarfi, jan karaz ya ɓata mata fuska. Haƙorinta na gaba ya karye rabi, dasashin wurin a kumbure.

"Esh hada, Yaya? Mene ne wannan?"

"Faɗuwa na yi a daraj. Sake ni, ya binti, kina min ciwo."

"Matakala ce ta riƙe miki hannu da yatsu huɗu? Wallahi in ba ki faɗa ba sai na kira mijinki yanzu na tambaye shi."

Sai ta faɗa, idonta a kan magogi. Tsakuwa mijinta ya tauna a cikin shinkafa. Ya tashi daga kan abinci ya riƙe mata hannu ya buga mata butar gahawa a baki. Ta ce ba wannan ne na farko ba, amma shi ne na farko da ya bar abin da mayafi ba zai ɓoye ba.

Na juya wajen Inna ina jiran ta fasa ihu. Ta ci gaba da danna kwaɓi a tire da bayan yatsunta. Ta ce, "A yi haƙuri a wuce Sallah. Bayan Sallah a kira manya a yi masa magana. Mai haƙuri shi ke dafa dutse."

Na ce, "Ai dutsen ne ya fasa mata baki, Inna! Gobe kuma za ki bar ta ta shiga motarsa ta koma?"

"Aibu ne, rufe min baki. Kina azumi."

Na rufe bakin. Abu ɗaya na sani: gobe da rana zai zo ya ɗauke ta, kuma ba na so ta koma gidan nan. Ba ni da wa, ba ni da uba, ba ni da komai sai kwanon karaz a gabana. Na dubi ƙwallayen da na tara a faranti, sai Shaiɗan ya zauna min a kafaɗa. Na ce wa Inna ni zan yi wa mijin Yaya ƙaramin tire nasa shi kaɗai, tunda baƙo ne. Har daɗi ta ji, ta ɗauka na huce. Da suka tafi sallar La'asar na zuba ƙwallayen duka cikin karaz ɗinsa, na juya, na shimfiɗa, na goga kwaɓi mai kauri a sama. Tiren ya fito daga furun ya fi sauran kyau. Ban ji kunyar Allah ba a lokacin, gaskiya ce nake faɗa. So nake na ji ƙarar haƙorinsa da kunnena, ya kuma san cewa a gidanmu aka yi, da hannuna.

Washegari bayan Azahar ya iso cikin farar tobe, doguwar rigar nan ta Larabawa, yana ƙamshin turare. Mutum ne dogo mai sanyin murya, irin wanda in ya wuce tsofaffi ke sa masa albarka. Ya durƙusa har ƙasa ya gaida Inna. Na kawo masa gahawa da faranti cike da mabrusha, na ajiye a gabansa na ce, "Tafaddal, bismillah." Na koma bakin ƙofa na tsaya.

Bai taɓa ba. Ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi, yana amsa gaisuwar Inna da "Alhamdu lillahi, Hajiya." A nan na tuna abin da fushi ya mantar da ni. Ni haifaffiyar Madina ce, na saba ganin surukan maƙwabtanmu Larabawa suna zama tare da iyayen matansu a ci a sha. Shi kuwa da gemunsa ya zo daga Chadi, kuma bai taɓa sa loma a baki a gaban Inna ba. Kunyar surukai. Mutumin da ke jin nauyin tauna abinci a gaban uwa, amma bai ji nauyin fasa bakin 'yarta ba.

Inna kuwa ta yi abin da take yi duk shekara ba tare da na taɓa kula ba. Ta mayar da na farantin cikin tire, ta naɗe shi duka da leda, ta miƙa wa Yaya. "Ga na maigidanki, ya ci a gida a tsanake."

Na ji muryarsu tana sauka a matakala. A Yanbu zai buɗe tiren nan, daga shi sai ita, ƙofa a rufe. Tsakuwa ɗaya ta ci mata haƙori. Wannan kuwa ƙwallo ne cike da tire, kuma ya san da hannunta aka yi gashin. An ce in za ka gina ramin mugunta gina shi gajere. Ni na gina nawa da zurfi, kuma yayata na tura a ciki.

Ban san lokacin da na sauka ba, ba takalmi, ba abaya. Kwalta ta ƙona min tafin ƙafa. Yaya ta buɗe ƙofar mota ke nan na fizge tiren daga hannunta. Leda ta yage, mabrusha ta watse a titi.

Ya zagayo yana cewa, "Ke, lafiyarki? Majnuna ce?"

Na ce, "Ɗauki ɗaya ka matsa ka gani. Naka ne, ni na yi maka."

Ya duƙa ya ɗauka ya murza. Ƙwallaye uku suka fito tsakanin yatsunsa. Ya dube su, ya dube ni, na ga ya gane. Na shirya wa marinsa, har na dafe ƙafa. Amma ba ni ya nufa ba. Ya juya ya kwaɗa wa Yaya mari da bayan hannu, kanta ya bugu da ƙarfen ƙofar mota. "Wato asirina kika zo kina tonawa a gidanku?"

Tiren yana hannuna. Na ɗaga shi da hannu biyu na sara masa gefensa a goshi. Na ji ƙarar har cikin haƙorana. Na sake ɗagawa na buga masa a kunne. Girarsa ta tsage, jini ya gangaro kan farar toben ya haɗu da jan karaz. Ya shaƙo wuyana ya maka ni jikin mota, ƙarfen ya ɗau rana ya ƙona min baya. Numfashina ya tsaya, na fara ganin duhu-duhu. Na kai masa cizo a hannu, na riƙe ban saki ba sai da na ji gishirin jini a bakina.

Inna ce ta raba mu. Tsohuwar da ke hawa matakala tana hutawa sau biyu, ta sauko da muciya ta buga masa a gwiwar hannu har ya sake ni. Maƙwabta sun fito, mata suna salati daga tagogi. Wani ya ambaci 'yan sanda, sai kowa ya yi tsit, don a layinmu ba kowa ne takardunsa ke son ganin hukuma ba.

Ya dafe goshi da gefen rawani, ya shiga mota ya tayar. Ya leƙo ya ce wa Yaya, "Yalla, shiga. In ba ki shiga yanzu ba, khalas, shi ke nan, kada ki sake taka min gida."

Ta tsaya riƙe da ƙofar, leɓenta yana jini. Ta dubi kujerar, ta dubi tagogin da suka cika da idanu. Na rantse na ga ƙafarta ta ɗaga za ta shiga. Sai ta mayar da ita ƙasa, ta tura ƙofar a hankali ta rufe. Ya fizgi motar, tayoyin suka bi ta kan mabrushar.

Na nufe ta da hannu buɗe ina kuka. Ta ɗauke ni da marin da ya fi duk abin da na sha a ranar zafi. "Shekara shida ina rufa wa kaina asiri, kin tsiraita ni a titi ranar Sallah." Ta wuce ciki. Saki ya iso bayan sati biyu, a saƙon waya. Wata uku muna kwana ɗaki ɗaya ba ta ce min ko sannu ba, kuma wannan ya fi shaƙar wuyan ci min rai.

Yanzu tana ɗinki a gida, ta yi ƙiba, tana da masu kawo mata aiki har daga Awali. Mun shirya, muna faɗanmu na 'yan'uwa kamar da. Bara ne kawai na yi ƙarfin halin tambayarta, muna hanyar dawowa daga masallacin Ƙuba. Na ce, "Yaya, da ban yi abin da na yi ba, da kin koma?"

Ta ce, "Da na koma. Kuma ban san ko da na ga wata Sallar ba." Na ji wani sanyi a raina, har na buɗe baki zan yi magana. Ta tsaya ta dube ni. "Kada ki yi murna. Ina ta tara ƙarfin da zan fito da ƙafata, na gaya masa a idonsa na gama. Saura kaɗan ya rage min. Ke kika ƙwace min wannan, kuma ba ki da yadda za ki mayar min da shi."