Sunan da Mairama Ba Ta Faɗa

Mairama mai nono ba ta da tsoron baki. Tun da gudun hijira ya ajiye ta a Assaga take ɗauko ƙwarya zuwa kasuwar Diffa, kuma wanda duk ya taya mata nono da raini sai ya gwammace bai fito ba. Kalma ɗaya ce ta gagare ta. Shekara ashirin da bakwai ba ta taɓa kiran sunan ɗanta na fari ba, don kunyar ɗan fari irin ta Fulani. "Wancan" take ce masa.

To, wancan ɗin ne ke kwance a asibitin Damagaram, ƙafafu sun kumbura. Matarsa Hasna ta bugo waya tana kuka: lokotoro, wato likita, ya ce ba zai sa masa magani ba sai ya ga dosiyensa, takardun jinyarsa na bara, lokacin da wata allura ta kusa kashe shi a Diffa. Ba wanda ya san wace allura ce.

Ran Juma'a Mairama ta isa asibitin Diffa, gaban majo, babban ma'aikacin jinya mai riƙe da rajista.

"Ba a ba kowa dosiyen wani," in ji shi. "Ke wace ce tasa?"

"Ni na haife shi." Ta ajiye katinta na shaida.

"Sunansa?"

Ta sunkuyar da kai. "Wanda na fara samu."

"Haba Inna! Mutum dubu ne a littafin nan. Sha biyu da rabi zan rufe, sai Litinin."

Litinin! Ta waiga. Layi har bakin ƙofa, ba fuskar da ta sani. Ta buga wa Hasna, waya a kashe. Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta ji ba ko ranar da suka baro gida.

"Ubaidullahi," ta ce. Muryar kamar ba tata ba.

Majo ya bi shafi da yatsa, ya juya, ya sake juyawa.

"Babu."

"Duba dai, ɗan nan! Don girman Allah duba! Na fa faɗa!"

"Wa ya kawo shi bara?"

"Ni."

"Da aka tambaye ki suna, me kika ce?"

"Na ce na fari ne."

Majo ya dafe goshi, ya koma baya shafi uku. Ga shi nan ɓaro-ɓaro: Awalu, daga Assaga, mai rakiya Mairama. Wanda ya rubuta ya ji "na fari", ya raɗa masa sunan 'yan fari.

Majo ya kwafe mata takardun, ya buga hatimi, ya ja layi ƙarƙashin sunan allurar.

Ta cusa su a zani ta nufi tashar motar Damagaram, ba ko sallama. Tana sauri tana kuka tana cewa, "Ubaidullahi, jira ni. Ubaidullahi." Ba ta damu da wa ke ji ba.