Shekarar da Mahaifina Ya Daina Cin Gero

Shekarun baya, a daminar da aka yi zaɓe na biyu na mulkin farar hula, wadda ruwa ya ɗauke tun gero bai gama cika ido ba, na yi wani abu da ban taɓa ba 'ya'yana labarinsa ba sai da furfura ta fito mini. Lokacin ina saurayi, na gama firamare na zauna gida, kuma ina ganin duk ƙauyenmu, can tsakanin Bodinga da Shagari, babu mai wayona.

A farkon daminar kurkunu ya fito wa mahaifina a ƙafa biyu, ya kwantar da shi. Ni ne babba a maza, don haka aikin gona ya dawo kaina. Babbar gonarmu tana iyaka da ta wani tsoho, abokin kakana, wanda idonsa ya yi rauni, 'ya'yansa kuma sun tafi cirani kudu ba su dawo ba. Abin da ya raba mu da shi layin gamba ne, sai wata aduwa da take tsaye daidai kan iyakar, rabin inuwarta namu, rabi nasa. Da rani shanu sun cinye gambar har ƙasa, iska ta rufe kututturan da rairayi. Ranar da na aro garmar shanu zan yi huɗa, na duba gabas na duba yamma, ban ga kowa ba. Gefen tsohon shi ne kwari, nan ruwa yake kwanciya. Na tura shanun na ja kunya ɗaya a cikin gonarsa. Na ga ta yi kyau, na ƙara ta biyu. Ta ukun ma ban ce shanun ne suka ja ni ba, ni na ja su.

Ruwa ya yi gardama a shekarar. Geron kan tudu ya tsaya ya ƙanƙance, amma kunyoyin nan uku da na kusa da su suka yi zangarniya kamar damtse. Da aka yi girbi na haɗe komai wuri ɗaya, na ɗaure dammuna, ba mai iya cewa wannan daga nan ya fito, wancan daga can. Mutane suna ta yaba mini, wai yaro ya riƙe gida. Ni kuwa har wani taku na canza.

Ranar da za a kwaso dammunan ne mahaifina ya fara samun ƙarfin fita. Aka ɗora shi a jaki, na ja shi har gona. Ya sauka, ya dogara sanda, ya yi tsaye yana kallo. Ya daɗe. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, “Aduwag ga ta shigo ciki.”

Na ce ai shanu ne suka cinye gamba, ban ga iyakar da kyau ba, amma ina jin daidai na bi. Ya ce to. Muka juya muka dawo gida.

Da aka yi tuwon sabon gero, mahaifiyata ta kai masa akushinsa a zaure kamar kullum. Ya wanke hannu, ya buɗe, ya yi bisimilla, sai ya mayar da murfin ya ce a ba yara. Washegari aka dama fura, ya ce a ba yara. Da mahaifiyata ta matsa masa, ya ce mata gero ne ya daina karɓarsa. Mutumin da tun da aka yaye shi bai san wani abinci ba sai gero.

To a shekara irin wannan, in mutum ya bar gero me zai ci? Shinkafa ta zama abin gani a shagon birni, ita ma sai an yi layi. Dawa ba ta yi ba. Sai ya koma kan kwaɗon zogale da na rama, da ɗan ƙuli-ƙuli, in an dace a sami garin rogo a jiƙa masa. Mahaifiyata ta shiga neman magani. Aka jiƙa saiwoyi, aka yi rubutu, aka kai shi wurin malamin asibiti a Bodinga, ya danna cikinsa ya duba idonsa ya ce bai ga komai ba sai yunwa. Rannan ta kama kazarta guda da take ji da ita ta sa aka yanka, ta yi masa farfesu. Ya tambaye ta me kazar take ci. Ta ce me kaza za ta ci in ba dusa da tsaki ba. Ya ce a ba yara. Ranar na ji mahaifiyata tana faɗa ita kaɗai a madafa, tana cewa ita dai ba ta taɓa ganin ciwon da yake tambayar abincin kaza ba.

Ni na san ciwon. Tun ranar farko na sani. Mahaifina mutum ne da ko goro aka ba shi a kasuwa sai ya san hannun da ya fito. Geron kunyoyi uku ya gauraye da na rumbu duka, shi kuma ba zai sa abin da yake shakka a cikinsa ba. Amma maimakon in yi magana, sai na riƙa ba kaina haƙuri. Na ce zai gaji. Na ce tsohon can ma ba ya iya nome wurin, da ciyawa ce za ta cinye. Ina zaune ina narkar tuwo malmala biyu, mahaifina yana gefe yana tsintar ganye da yatsu, yana tambayata ko miyar ta yi daɗi. Bai taɓa ɗaure mini fuska ba. Wannan ya fi duka ciwo, amma ban fasa ba.

Aka yi wata guda, aka shiga na biyu. Rigarsa ta fara yi masa yawa. Wata Juma'a ya tashi daga sujada a masallaci jiri ya ɗebe shi, sai da na kusa da shi ya tare. Da aka kawo shi gida mahaifiyata ta zauna a bakin ƙofar ɗakinta, hannunta a kan gwiwa, ko wuta ba ta hura ba. Ban taɓa ganinta haka ba.

A nan ne wayona ya sake kawo mini shawara, kuma ta fi ta farko muni. Na ɗebi gero a rumbu a ɓoye, na kai gidan abokina, matar yayansa ta yi mini fura mai kyau. Na sayi nono wurin 'yar Fulani, na dama da kaina a sabuwar ƙwarya. Da hantsi na shiga zaure na durƙusa, na ce goggona ta Sifawa ce ta ji labarin rashin lafiyarsa ta aiko, geron gonarta ne, ko Allah zai sa nasu ya karɓe shi.

Ya dubi ƙwaryar. Na ga maƙogwaronsa ya motsa. Ya ce, “Geron Sifawa na?”

Na ce, “I, Baba.”

Ya ce, “To. Tunda kai kaf faɗi, na yarda. Allah shi saka mata.”

Ya jawo ƙwaryar, ya ɗauki ludayi, ya motsa, ya cika shi. Furar tana ɗiga a gefe. Ya yi bisimilla. Ba wai gwada ni yake ba, wallahi sha zai yi. Kwana arba'in da wani abu yana tsare cikinsa, yanzu zai buɗe shi a kan maganata kawai. Ban san lokacin da na kama hannunsa ba. Furar ta zube a tabarma.

Na ce, “Baba, kada ka sha. Na rumbunmu ne.”

Daga nan sauran ya fito da kansa: garmar, kunyoyin uku, ƙaryar gamba, har da matar yayan abokina. Ina magana ina kuka kamar ƙaramin yaro, ni mai taku. Ya bar ni na gama. Sannan ya ajiye ludayin ya ce in share fuskata in ɗaura wa jaki akumari.

Mahaifiyata tana bayan zana, ashe ta ji komai. Ta fito ta tambaye shi don me bai faɗa ba tun farko, ya bar ta tana yawon neman saiwa, har ta yi asarar kaza. Ya ce mata da ya faɗa, da ita da yara sun shiga abin da ya shiga, ga shi babu wani rumbun. Su da ba su sani ba babu komai a kansu. Ya ce kuma da shi ya je ya gyara iyakar, gona ce kawai za ta gyaru. Bai ce sauran ba, amma ya dube ni.

Muka ɗora dammuna a jaki, waɗanda suka fi nauyi, shi ya zaɓa. Wannan karon ni da shi duk a ƙasa muka tafi, yana tafe yana hutawa. Muka sami tsohon a ƙofar gida yana tufkar igiya da lalube. Ta ƙofar na hango rumbunsa a buɗe, hular rumbun a ƙasa, ba komai a ciki, matarsa kuma tana tsinkar ganyen tafasa a faranti. Shi ke nan abin da za su ci. Da ma a ce mari aka yi mini.

Bayan gaisuwa mahaifina ya ce, “Baba, jikanka na da magana.” Ya koma gefe ya bar ni.

Na faɗa. Tsohon bai daina tufkarsa ba. Da na gama ya yi 'yar dariya ya ce, “Ni dai na tahi tsintar aduwa, nib bi da sandata inda na saba, sai nij ji ni cikin gero har wuya. Nic ce ikon Allah, tsohuwar aduwa ta yi yaji ta koma gidan maƙwabta.”

Ashe ya sani tun kafin a yi girbi. Mahaifina ya tambaye shi don me bai kai ƙara wurin mai gari ba. Ya ce jikan abokinsa zai kai ƙara? Ya ce ya dai bar wa Allah, kuma ko a barin bai roƙi komai a kaina ba sai shiriya. Sannan ya miƙo hannu ya lalubo kunnena, ya murɗe shi da ƙarfin da ban zaci yana da shi ba, ya ce wannan na kunya ɗaya ne, sauran biyun ya yafe.

Dammunan ma da farko ƙi ya yi, wai iri nawa ne, wahala tawa ce. Matarsa ta leƙo ta ce masa ya yi ta alkunyarsa, ita dai a sauke mata a nan. Aka sauke. Ya ce sauran da ke rumbunmu ya halatta mana duniya da lahira, amma da sharaɗi: in ruwa ya sauka in dasa gamba da hannuna, kuma huɗar gonarsa ta baɗi a kaina take, tunda ya ga na iya ta.

Muka yi niyyar tashi, sai ya kama hannun mahaifina zai yi sallama da shi. Ya shafa tsintsiyar hannun, ya sake shafawa, ya ji ƙashi zalla. Ya ce ashe abin da ake faɗa, cewa ya daina cin gero, gaskiya ne. Ya kira matarsa ya ce ba inda za mu sai an yi gumba. Nan take ta warware dami ɗaya, ta sussuka, ta surfa, ta daka. Babu nono, babu sukari, ruwan randa kawai ta dama da shi. Tsohon ya karɓi ƙwaryar da kansa ya miƙa wa mahaifina ya ce, “Gerona na, ni na ba ka. Sha.”

Mahaifina ya sha. Ludayi ɗaya, ya tsaya, ya lumshe ido. Sannan ya ajiye ludayin ya kafa kai. Ni ina gefe kunnena yana zafi, ban taɓa jin daɗin kallon mutum yana cin abinci kamar ranar ba. A hanyar dawowa ya hau jakin, ya ce mini in mun isa in gaya wa innata gero ya dawo yana karɓarsa, ta yi tuwo da yawa. Ta yi. Amma maganar kazarta, har ta bar duniya ba ta daina tuna mini ba.

Mahaifina da mahaifiyata da tsohon, duka ukun yanzu sun riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu. Na dasa gambar, na yi huɗar, ba shekara ɗaya ba, har sai da 'ya'yan tsohon suka dawo. Tun daga lokacin, in na ga mutum ya janye hannunsa daga akushi ya ce shi ba ya cin wannan ko wancan, ba na yi masa dariya, ba na kuma tsare shi da tambaya. Wani ciwo ne da shi, wani alkawari ya ɗauka, wani kuma yana ɗauke da laifin wani ne a cikinsa, yana jira mai laifin ya gaji. Ni na ga wanda ya yi mini haka, kuma saura ludayi ɗaya in saka masa da ƙarya.

Ni kaina akwai abin da ya zame mini ɗabi'a. Duk kaka ba na ɗanɗana sabon gero sai na taka iyakar gonar nan da ƙafata, daga wannan kusurwa zuwa waccan. Yarana suna cewa tsufa ne. Bana ma na je. Aduwar tana nan inda take, rabin inuwarta namu, rabi nasu.