Allon Da Ya Fi Nauyi

Sana'ata sayen kayan da mutane suka gaji da su. In wani tsoho ya mutu ko shago ya rufe, sai a kira ni in kwashe, in tsince na kirki, in sayar a kasuwar Deptford da ke London. Rumbuna yana ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa, bangonsa kullum a jiƙe. Shekaru na yi ina wannan aiki ban taɓa shakkar hannuna ba. In na ɗaga abu, na san ƙarkonsa.

Wata shekara na kwaso allunan ski daga wani shagon haya da ya rufe, dogayen allunan nan da ake ɗaurawa a ƙafa a zamo daga kan dutse cikin dusar ƙanƙara. Duk ƙira ɗaya, tsawo ɗaya. Na jingine su a bango, suka yi hunturu biyu ba mai tayawa.

Babbar 'yata nas ce a asibiti. Sunan mahaifiyata gare ta, don haka Mamana nake ce mata. Ta iya wasan ski tun tana makaranta. Da ita da abokan aikinta suka yanki tikiti za su duwatsun Faransa, sai ga ta a rumbu.

"Baba, ara mini biyu mana, kafin gizo-gizo ya gaje su."

Ta zaɓi wasu, ta ɗaga da hannu ɗaya tana murna. Na karɓa, na ji su sakayau.

"Ajiye wannan karan dawar," na ce.

Mahaifina masassaƙin turmi ne. A gidanmu itace mai nauyi shi ne itace, kirya ta fi rimi ko da wa aka tambaya. Na bi allunan ɗaya bayan ɗaya ina aunawa a tafin hannu, har na sami biyu a can kusurwa da suka fi sauran nauyi.

"Baba, ba fa turmi zan saya ba."

"Ƙafarki zan ɗora a kai. Ɗauki waɗannan."

Ta yi dariya ta ɗauka. Ran Asabar suka tashi.

Ran Litinin da hantsi maƙwabcin rumbuna ya leƙo aron tsani. Bature ne dattijo, kafinta, ya yi wasan ski a ƙuruciyarsa. Ya ga wani allo da bakinsa ya dare, wanda na ware zan zubar, ya ce bari ya nuna mini abu. Ya sa zarto ya yanke shi biyu. A ciki farin itace ne marar nauyi, an lulluɓe shi da zare mai kama da rama, sannan aka rufe da roba. Ya ce da gangan ake yin su haka, kuma suna shekaru muddin ruwa bai shiga ba. Sai ya danna babban yatsansa a gefen da ya dare. Itacen ya lotsa, ruwa ya tsattsafo.

"In ka ji ɗaya ya fi 'yan'uwansa nauyi, ruwa ya sha," in ji shi. "A kai shi cikin sanyi, ruwan ya daskare ya buɗe shi daga ciki. Wata rana ana cikin gudu sai ya saki."

Na ba shi tsanin. Ban san lokacin da ya fita ba.

Na kira Mamana, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na sake kira. Na tura saƙo da Hausa, na sake turawa da Turanci don kada ta ce ba ta gane ba. Ba ni da lambar kowa cikin abokan tafiyarta. Na je kusurwar da na ɗauko allunan, na shafa ƙasa, ruwa ne kwance.

Na kira uwarta na gaya mata komai, ban rage ba.

"Alhaji, kai da ko tudun Greenwich ba ka hawa, me ya kai ka zaɓa mata?"

"Ki yi faɗan daga baya. Yanzu kira za ki yi ta yi."

Na buɗe teburina a kasuwa don zama ba zai yiwu ba. Wata mata ta tambayi kuɗin fitila sau uku ban ji ba. Abin da nake gani kawai ƙafafun yarinyar da ke wuni a tsaye kan marasa lafiya. Duk jirgin da ya wuce ta saman gada sai in zaro waya, in ga kamar ita ce ta motsa.

Sai bayan azahar ta kira, iska na kaɗawa a bayanta.

"Baba, wa ya mutu? Kai da Umma kun cika mini waya."

"Kina ina?"

"A saman dutse, muna shan shayi. Yanzu za mu sauka."

"Cire allunan nan. Kada ki sake taka su."

"Lafiyarsu ƙalau fa. Tun jiya nake kansu."

"Mamana, ruwa ne a cikinsu. Nauyin da na ji ruwa ne. Ni na yi kuskure."

Ina jin ba ta taɓa jin wannan kalma daga bakina ba.

"To ta yaya zan sauko?"

"Yadda kika hau."

Ta yi gunaguni da Turanci, wai abokanta za su yi mata dariya har su dawo London. Amma ta saɓa allunan a kafaɗa ta shiga keken da ke tafiya a kan igiya. Na hana ta kashe wayar. Ina tsaye tsakiyar kasuwa ina jin ƙarar ƙarfe da numfashinta, har ta ce ta taka ƙasa.

Ta kai su wurin mai gyara a gindin dutsen. Ya lanƙwasa na hagun a gabanta, gefensa ya buɗe kamar tsawon yatsa, daidai ƙarƙashin dunduniya. Ta turo mini hoton ba ta rubuta komai ba. Can sai ga wani saƙon: ta karɓi na haya, in gaya wa Umma ta daina kuka.

Na jawo wata kujera daga cikin kayan sayarwa na zauna.