Shekara Bakwai a Kabari, Har Yanzu Ana Bara da Yayana

An tuɓe wa yayana riga a ɗakinsa, a gaban matarsa, an ɗauke shi bidiyo yana roƙon jama'a. Abin da aka yi mini ke nan, kuma gara in faɗe shi tun farko, don ni ban iya kewaye-kewaye ba. Bana shekara bakwai da rasuwar Yaya Sale, amma bidiyon nan ya ƙi mutuwa. Ni direban bas ne tsakanin Gwaram da Birnin Kudu. Karatuna bai yi nisa ba, wanda ya ga gyara a rubutun nan ya yi haƙuri.

Yaya manomi ne a Maruta. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya kai ni koyon mota. Ba mai kuɗi ba ne, amma yana da kyauta, sai dai in ba ka san shi ba, ba za ka gane kyauta yake yi ba. Da kaka, in ya san gidan da damina ta ƙi, sai ya ɗora damman gero a amalanke ya kai, ya ce wa maigidan, "Malam, rumbuna ya cika, don Allah ajiye mini wannan a naka." Kowa ya san ba zai koma karɓa ba. Maigidan ma ya sani. Sai ya ce, "Ba komai Sale, ajiyarka tana nan," a rabu kowa da mutuncinsa. Na taɓa ce masa me zai hana ya ce sadaka ce kawai. Ya harare ni ya ce, "Idi, kai dai tuƙi ka iya."

Sai ciwon ƙoda ya kama shi. Ƙafa ta kumbura, ciki ya kumbura. A wani asibiti a Kano aka ce sai wankin ƙoda, kuma ba sau ɗaya ba. Muka sayar da shanun huɗa. Ba mu gaya wa kowa ba, amma ƙauye ne, magana ta fita, har ta kai kunnen Kabiru, ɗan unguwarmu da ya yi boko, mai ƙungiyar taimakon marasa lafiya. Ya aiko cewa za su zo dubiya.

Ranar ina kan hanya. Matar Yaya, Hajara, ita ta ba ni labari. Da ya ji baƙi za su zo, ya sa aka share ɗaki, aka shimfiɗa sabuwar tabarma, aka dama fura. Ya ce a ɗauko masa rigarsa ta Juma'a da hula, ya lallaɓa ya sa, ya jingina da bango, don kada baƙi su same shi a wulaƙance. Haka muka tashi muka ga ana yi. Suka gaishe shi, suka sha furar. Sai Kabiru ya ce, "Baba, a haka fa ba wanda zai tausaya. Ka yi kama da mai hali. A cire rigar, mutane su ga cikin." Yaya ya ce a'a. Suka ce ya dubi 'ya'yansa, ko so yake ya bar su marayu saboda girman kai? Shi kuwa mutum ne da bai iya musu da baƙon da ya sha furarsa ba. Ya cire. Suka janye tabarmar, wai ta yi kyau da yawa. Suka gaya masa abin da zai faɗa, ya faɗa, suka ce muryar ta yi ƙarfi, ya sake.

Ranar kasuwar Gwaram suka fito da lasifika a kan mota. Ana sa muryarsa, ana bin rumfa-rumfa ana kiran suna. "Alhaji, ga ka nan a zaune, ka dai ji ɗan'uwanka Musulmi! Me za ka gaya wa Allah?" Wanda ya bayar a yi masa kabbara. Wanda ya ce yau ba shi da shi, a tsaya a bakin rumfarsa ana maimaita sunansa har sai ya sa hannu a aljihu. Ba zan yi ƙarya ba, an samu abin da aka yi wa Yaya wanki na 'yan watanni. Amma akwai wani mai hatsi, tsohon abokin cinikinsa, da har yau ba ya amsa gaisuwata da sakin fuska, don da sunan yayana aka kunyata shi a gaban yaran rumfarsa.

Daga nan Yaya ya daina fita. Ko ranar da ya ji dama-dama, ba ya zuwa masallacin ƙofar gida. In na matsa masa sai ya ce, "Idi, da wane ido? Kowa ya ga cikina." Wata rana ina mayar da shi gida daga Kano, yana kwance a kujerar baya, ya ce a hankali, "Da kun bar ni na tafi da rigata." Na ci gaba da tuƙi. Damina ba ta sake samunsa ba.

Da kakar shekarar, mutane suka riƙa zuwa ƙofar gidan da damman gero, suna ce wa Hajara ajiyar marigayi suka kawo. Ba lasifika, ba hoto. Da wannan geron marayunsa suka ci shekarar. In akwai abin da ya rage na Yaya a duniya, to shi ne wannan, a hannun 'yan tsirarun mutane da suka tsufa.

Nakan ce da yana raye, me zai ce da zamanin nan? Yanzu ba a ba tsohuwa kwanon shinkafa sai ta ɗaga shi sama ta yi murmushi an ɗauka. Kowa mai waya yana da gidauniya. Mai bayarwa an takura shi har ya ƙosa, yanzu ko mabuƙacin gaskiya ya gani sai ya kau da kai. An koya wa mutane rowa da ƙarfin tsiya, sannan ana zaginsu wai imani ya ƙare.

A azumin bana na ɗauko fasinja daga Birnin Kudu. Mun wuce rabin hanya sai na ji muryar Yaya daga kujerar baya, yana cewa, "Bayin Allah, ku taimaka mini." Saura ƙiris in saki sitiyari. Ashe daga wayar wani fasinja take fitowa. Mai wayar ya yi tsaki ya ce wa na kusa da shi, "Wannan tsohon ɗan damfara ne. Duk azumi sai an turo shi, shi ba ya warkewa, ba ya mutuwa?" Motar ta ɗauki dariya. Na sauka gefen titi kamar zan duba taya, na tsuguna a bayan mota na yi kuka.

Washegari na sami Kabiru a ofishinsu. Ya miƙe da fara'a, "Baba Idi, yau kai ne a wajenmu?" Na ce ya goge bidiyon. Ya ce ai ya riga ya bazu, kuma su ma suna ɗan sa shi ne saboda ya fi sauran taɓa zuciya, ana taimakon wasu marasa lafiyar da abin da aka samu. "Sadaka ce mai gudana, Baba. Ladan yana isa kabarinsa."

Na ce, "Kabiru, mun yi masa wanka, mun yi masa sutura, mun sa shi a ƙasa, kowa ya tafi. Kai kaɗai ne kake tono shi duk shekara kana yawo da shi, har ana ce masa ɗan damfara a cikin motata. Ladan nan ka riƙe abinka, bai roƙe ka ba. Ban yafe maka ba. Kuma in ka ji an ce Idi direba ya kwanta ciwo, don girman Allah kada ka zo dubiya."